Shin manhaja za ta iya raba muryar mawaƙi da kalangu? Amsa ga mai situdiyo a Tudun Wada

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, kuma zan maimaita ta a taƙaice saboda sauran masu karatu. Ka ce kana da ƙaramin situdiyo a Tudun Wada, nan cikin Kaduna, kuma masu biki suna yawan kawo maka waƙoƙin zamani suna neman a cire muryar mawaƙi a bar kiɗa zalla domin a ɗora sunan ango da amarya, wasu kuma akasin haka suke so, a kawar da kiɗan a bar musu murya. Manhajar da ke wayarka, in ji ka, tana yin wannan aikin daidai gwargwado. Amma da ka ɗauko tsofaffin kaset-kaset na mahaifinka masu waƙoƙin kalangu da na goge, sai abin ya dagule: kalangu yana leƙowa cikin murya, goge yana bin mawaƙi duk inda ya nufa, muryar kanta kuma tana fita kamar ta wanda ya zura kai cikin randa. Kana tambaya ko akwai manhajar da ta fi taka, da kuma ko biyan kuɗi zai raba gardama.

Akwai waɗanda suka fi taka, kuma wasu daga cikin mafiya kyau kyauta ne. Sai dai kuɗi ba zai sayo maka abin da kake nema a kan waɗancan kaset-kaset ba, domin matsalar tana cikin irin horon da aka yi wa manhajojin, kuma masu tsada da na kyauta kusan duk makaranta ɗaya suka yi. Idan ka fahimci yadda suke aiki, za ka san aikin da za ka karɓa da gaba gaɗi da wanda za ka gaya wa mai shi gaskiya tun kafin ya ba da kafin alƙalami.

Kai da kake zama gaban kwamfuta kullum ka san yadda ake gina waƙa. Mai fiyano ya shimfiɗa ganguna a tirak ɗinsu, ya sa bes a nasa, ya ƙara jita da sarewa da sauran kayan ado, mawaƙi ya shiga ɗakin murya ya rera, 'yan amshi su bi, har ka tara tirak ashirin ko talatin kowanne zaman kansa. Ranar da ka fitar da waƙar, dukkansu sai su narke su koma layi biyu, na hagu da na dama, kuma kowane layi jerin lambobi ne kawai, guda 44,100 a kowace daƙiƙa idan a ma'aunin faifan CD aka fitar. Kowace lamba a cikinsu jimla ce ta duk abin da ya yi sauti a wannan ƙiftawar ido. Idan na ce maka jimla goma ce, ba ka da hanyar sanin ko bakwai da uku aka tara ko shida da huɗu. Fura ce aka dama da nono, ba ludayin da zai mayar da kowanne ƙwaryarsa. Saboda haka duk manhajar da ta ce tana raba waƙa, hasashe take yi na abin da ya fi kama da murya da abin da ya fi kama da ganga, sannan ta gina kowanne daga wannan hasashen. Ingancinta gwargwadon ƙwarewarta ne wajen hasashe.

A da muna da wata dabara wadda ba ta buƙatar hasashe ko kaɗan. Masu haɗa sauti sun saba ajiye muryar mawaƙi a tsakiya, wato ƙarfinta a layin hagu daidai yake da na dama. Idan ka juya layi ɗaya ƙasa-bisa ka tara shi da ɗayan, duk abin da yake iri ɗaya a ɓangarorin biyu sai ya kashe kansa, muryar ta ɓace. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce kuma tana nan tun shekarar 2000, ta daɗe da wannan dabarar, kuma ita ce injunan karaoke na da suke amfani da ita. Aibinta biyu ne. Bes da babbar ganga su ma a tsakiya ake ajiye su, don haka tare suke tafiya da muryar, a bar ka da kiɗa marar gindi. Na biyu kuma, wanda ya fi shafarka, idan waƙar mono ce, hagu da dama abu ɗaya ne, to komai ne zai ɓace, ka zauna kana sauraron shiru. Mafi yawan tsofaffin waƙoƙinmu kuwa mono ne.

Abin da ya sauya wannan sana'a shi ne shigowar ƙirƙirarriyar basira. A watan Nuwamba na 2019 kamfanin Deezer na Faransa, mai harkar sauraron waƙoƙi ta intanet, ya saki manhajarsa mai suna Spleeter kyauta ga kowa, kuma ba a jima ba shafuka da manhajojin waya masu cire murya suka cika gari, da yawansu ita ce a cikinsu an dai sauya mata riga. Yadda take aiki shi ne ta mayar da waƙar wani irin hoto, inda lokaci yake tafiya daga hagu zuwa dama, kaurin sauti da sirantakarsa kuma daga ƙasa zuwa sama, sannan ta bi hoton ɗigo-ɗigo tana yanke hukunci: wannan ɗigon kaso nawa na murya ne, kaso nawa na ganga. Ta koyi yanke wannan hukuncin ne daga dubban waƙoƙin da aka nuna mata a haɗe, aka kuma nuna mata tirak-tirak ɗinsu a rarrabe, har ta gane kamannin kowanne. Tana iya raba waƙa gida biyu, ko huɗu, ko biyar idan an ware fiyano. A tsarinta na asali tana yanke duk sautin da girgizarsa ta wuce 11,000 a daƙiƙa, shi ya sa abin da take fitarwa yake zama kamar an lulluɓe lasifika da bargo. Idan manhajar wayarka tana ba ka irin wannan sautin, da alama tsohuwar Spleeter ce ke ciki.

A shekarar dai ta 2019 masu bincike na Facebook a birnin Paris, ƙarƙashin Alexandre Défossez, suka fito da Demucs, wadda ta bi wata hanyar: tana aiki kai tsaye a kan igiyar sautin ba tare da mayar da ita hoto ba. Daga baya suka haɗa hanyoyin biyu, kuma wannan haɗin ne ya lashe gasar raba waƙoƙi da kamfanin Sony ya shirya a 2021, inda wani inji mai suna MDX-Net na masu bincike daga Koriya ta Kudu ya zo na biyu a ɓangare ɗaya na gasar. Fitowa ta huɗu ta Demucs ta zo a 2022. A 2023 kuma masu bincike na ByteDance, kamfanin da ya mallaki TikTok, suka kawo BS-RoFormer, wanda ya ƙara tsabtar muryar da ake cirewa ƙwarai. Na kawo waɗannan sunaye ne domin za ka ci karo da su a cikin manhajar da zan ba ka shawara a kai.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Taskar waƙoƙin da masu bincike suka fi dogara da ita wajen horarwa da gwaji ana kiranta MUSDB18, kuma waƙoƙi 150 ne kacal a cikinta, kimanin awa goma, 100 na horo, 50 na jarrabawa, galibinsu kiɗan Turawa ne na jita da ganguna. Kowace waƙa a cikinta an kasa ta kwando huɗu: murya, ganguna, bes, da kwando na huɗu da aka kira «sauran». Kamfanoni suna ƙara nasu waƙoƙin a kai, Demucs ta huɗu ma an ƙara mata guda 800, amma kwandunan nan huɗu ba su sauya ba. Ganguna a wurin waɗannan injuna na nufin jerin gangunan Turawa da ake kaɗawa a zaune, masu bugu gajere wanda yake tashi ya mutu nan take ba tare da ya hau ko ya sauka ba. Murya kuwa ita ce sautin da yake jan numfashi, yana lanƙwasa, yana hawa yana sauka.

To ka dubi kalangu. Makaɗi yana rataye da shi a hammata, yana matse igiyoyin fatar da ke jikinsa yana saki, sautin yana hawa yana sauka bisa karin harshen Hausa, har wanda ya san take ya ji abin da kalangun yake faɗa kalma bayan kalma. An ƙera shi ne domin ya kwaikwayi magana, kuma ya ƙware har ya ruɗi injin. Farkon bugun, wato ƙarar da sanda ta yi a kan fata, injin yakan jefa shi kwandon ganguna. Jelar sautin mai lanƙwasa kuwa sai ya raba ta, rabi cikin bes, rabi cikin murya. Shi ya sa kake jin wani «gum, gum» yana bin bayan mawaƙi a muryar da ka cire, kuma idan ka saurari kiɗan shi kaɗai sai ka ji kalangun ya rame, ya daina magana. Kotso, irin wanda Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suka yi waƙoƙinsu da shi, shi ma haka yake sha, domin shi ma sautinsa lanƙwasa yake yi.

Lamarin goge da kukuma ya fi haka tsanani. Tsirkiyarsu ta gashin wutsiyar doki ce, sautinsu yana da ɗan kaushi irin na maƙogwaron mutum, yana zaune a daidai tsayin da muryar ɗan Adam take zama, kuma al'adar makaɗanmu ita ce gogen ya bi mawaƙi sawu da ƙafa, ya faɗi abin da ya faɗa a kan kari ɗaya, wani lokaci tare, wani lokaci ya amsa masa. Idan sauti biyu suka hau kan layi ɗaya a cikin hoton nan da na ambata, ba abin da zai nuna wa injin iyakar wannan da wancan, sai ya kira su duka murya. Algaita ma takan faɗa kwandon murya saboda wannan dalilin. Kayan kiɗan da ake kaɗa tsirkiyarsu da yatsa ko ɗan tsinke, irin su gurmi da garaya da molo da kuntigin Ɗan Maraya Jos, sun fi samun sauƙi, domin sun yi kama da jita, wadda injin ya sani sarai, don haka yakan ajiye su a kwandon «sauran» ba tare da wahala ba. Wannan bambancin yana da amfani wajen yanke farashi: waƙar gurmi za ka iya yin alkawari a kanta, ta goge kuwa gwada tukuna.

Akwai kuma 'yan amshi. A wurin injin, murya murya ce, ta jagora da ta 'yan amshi da ta maroƙi mai kirari da guɗar mata duk kwando ɗaya. Akwai injunan da aka horar musamman su ware jagora daga masu amshi, amma a irin waƙoƙinmu inda amshi yake shigowa kafin jagora ya rufe baki, kuma dukkansu maza ne masu murya kusan iri ɗaya, sakamakon bai cika gamsarwa ba.

Bari in ba ka misali daga teburina. Wani dattijo daga Unguwar Sarki ya taɓa kawo mini kaset a naɗe cikin hankici, an ɗauke shi a bikin aurensa shekaru kusan arba'in da suka wuce da rikoda mai makirufo ɗaya da aka ajiye a kan tabarma. Abin da yake so shi ne baiti biyu inda mawaƙin ya ambaci sunan mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, yana so jikokinsa su ji sunan a fili. Na gwada a injuna uku daban-daban. A duk ukun muryar ta fito, amma a daidai gaɓar da babban kalangu ya faɗo a kan sunan, wasalin tsakiya ya tsinke ya koma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa, domin rikodar tana kusa da makaɗa, kuma bugun ya cika tef ɗin har ya tauye muryar tun ranar da aka ɗauka. Abin da tef bai kama ba, babu injin da zai fito da shi. Abin da na yi a ƙarshe shi ne na ɗauki muryar da aka cire na mayar da ita kan asalin waƙar, na ɗaga ta kaɗan, na sassauta kiɗan kaɗan. Kiɗan da ya rage ya rufe tabon da ke jikin muryar, sunan ya fito, dattijon ya sa na maimaita masa wurin sau huɗu. Tun daga ranar, a kan tsohon kaset, ba na yi wa kowa alkawarin cire kiɗa. Ina cewa zan matso da murya gaba. Wannan alkawari ne da injunan yau suke iya cikawa, kuma sau da yawa shi ne ainihin abin da mai kaset yake so.

Kana iya cewa ai an ji labarin Turawa sun ciro murya tsaf daga tsohon kaset. Gaskiya ne. John Lennon na ƙungiyar mawaƙa ta The Beatles ya ɗauki wata waƙa a gidansa a New York a ƙarshen shekarun 1970, fiyano ya danne muryarsa, abokansa suka gwada gyarawa a 1995 suka haƙura. Sai da ma'aikatan Peter Jackson, mai shirya fina-finai ɗan ƙasar New Zealand, suka gina inji na musamman domin wani fim na tarihin ƙungiyar da ya fita a 2021, sannan aka iya ware muryar, aka saki waƙar a ranar 2 ga Nuwamba 2023. Amma lura da cewa murya ɗaya ce da fiyano ɗaya, kuma injin an gina shi ne a kan sautin waɗannan mutanen da kayan kiɗansu. Mu ma ranar da wani ya zaunar da makaɗan kalangu da kotso da goge a situdiyo, ya ɗauki kowanne a tirak ɗinsa, waƙa ɗari ko fiye, ya horar da inji a kansu, matsalarka za ta ragu sosai. Taskar gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda ya fara watsa shirye-shirye tun 1962, cike take da muryoyin manyan mawaƙan Hausa, amma a haɗe aka ɗauke su da kiɗansu, kuma inji ba ya koyon rabawa sai ya ga abin a rabe.

Game da wadda za ka yi amfani da ita, idan kana da kwamfuta shawarata ita ce Ultimate Vocal Remover, wadda aka fi sani da UVR. Kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba bayan ka sauke ta da injunanta, kuma a cikinta za ka sami Demucs da MDX-Net da wasu, ka gwada waƙa ɗaya a kansu ka zaɓi wanda ya fi. Tana kuma ba ka damar haɗa sakamakon injuna biyu ko uku, abin da yakan rage kuskuren kowanne. Tana son kwamfuta mai katin hoto na Nvidia. Idan babu za ta yi aiki, sai dai a hankali, waƙar minti huɗu tana iya cin minti shida ko fiye da haka ƙwarai gwargwadon injin da ka zaɓa da ƙarfin kwamfutarka. Tsofaffin waƙoƙinmu kuwa wata tana kai minti ashirin ko talatin, don haka ka yanka ta gunduwa-gunduwa na minti biyar-biyar, don kada wuta ta ɗauke maka a minti na ƙarshe ka koma farko.

Idan FL Studio kake aiki da ita kamar yawancin samarin situdiyo a garin nan, tun daga fitowa ta 21.2 a 2023 an sa mata rabawa a ciki, ba sai ka fita waje ba. Logic Pro ta sami nata a 2024, amma sai a sababbin kwamfutocin Apple. Audacity ma ta sami ƙarin kayan aiki daga Intel masu yin wannan aikin. iZotope RX tana da tsada, kuma darajarta ta fi fitowa wajen gyaran sauti, kamar cire ƙara da tsaki da gunjin lantarki, fiye da rabawa kawai. A waya akwai Moises da LALAL.AI, ta farko tana ba da wani abu kyauta sannan ta nemi kuɗin wata-wata, ta biyu kuma takan sayar da mintoci. Galibi sai ka tura waƙar can wurinsu ta intanet su raba su dawo maka da ita, wanda ke nufin cin data, kuma yana nufin waƙar wani da bai riga ya saki ba ta bar hannunka zuwa kwamfutar da ba ka san inda take ba, abin da ya kamata ka nemi izinin mai waƙa a kansa. Masu kiɗan biki kuwa, VirtualDJ da Serato suna rabawa nan take ana cikin rawa, ingancin bai kai na UVR ba, amma a filin biki da manyan lasifikoki ba mai lura.

Abin da ya fi zaɓen manhaja tasiri, kuma mutane suka fi sakaci da shi, shi ne ingancin abin da ka zuba mata. Waƙar da aka kawo maka a memori, wadda ta bi ta waya goma, wani ya sauko da ita daga bidiyo, wani ya matse ta don ta yi sauƙin turawa, ta riga ta zubar da rabin jikinta a hanya. MP3 yana rage girman fayil ne ta hanyar jefar da sautukan da yake ganin kunne ba zai lura da su ba saboda wani sauti mai ƙarfi ya rufe su; a ma'aunin inganci na 128 yakan yanke kusan duk abin da girgizarsa ta haura 16,000 a daƙiƙa. Muddin waƙar tana haɗe ba ka jin ramukan, amma da zarar ka ɗauke murya, wuraren da ta rufe sai su bayyana, ka ji kiɗan yana wani ƙyalƙyali kamar ana kaɗa ruwa a cikin gwangwani. Ka nemi WAV, wanda minti ɗaya nasa yake kai kimanin megabayit 10, ko FLAC, ko aƙalla MP3 na 320. Wanda zai turo maka ta WhatsApp ya turo a matsayin takarda, wato «document», kada ya kunna ta ya ɗauka a saƙon murya. Mayar da MP3 zuwa WAV kuwa ba ya dawo da komai, buhu ne kawai ka sauya.

Kaset-kaset na mahaifinka sun cancanci ka ɓata musu yini guda. Kada ka kara waya a bakin lasifika, domin kana ƙara amsa-kuwwar ɗaki da kukan babur na kan titi a kan matsalar da ke akwai. Ka nemi rikoda mai lafiya wadda take da mafitar sauti a baya, ka haɗa ta da waya zuwa akwatin sautin situdiyonka. Ka goge kan da tef yake gogawa da auduga da sifirit, domin ƙurar hunturu da danshin damina na Kaduna suna barin datti a kai wanda yake dusashe siraran sautuka. Ka duba ɗan soson nan da ke ƙarƙashin tef a bakin kaset ɗin, yakan faɗi da tsufa, kuma idan babu shi sauti ba ya fita daidai. Ka tura tef ɗin gaba har ƙarshe ka dawo da shi sau ɗaya kafin ka kunna, don ya saki jiki. Ka ɗauka a WAV, ka bar wa sautin sarari kada ya taɓa ja a ma'aunin ƙarfinsa, ka ajiye wannan kwafin na farko a wuri biyu ba tare da ka taɓa shi ba, duk gyara a kan kwafinsa za ka yi, domin injunan baɗi za su fi na bana kuma za ka so ka sake gwadawa. Idan akwai gunjin lantarki, wanda a ƙasar nan yake kan girgiza 50 a daƙiƙa, ka cire shi kafin rabawa. Amma shuuu ɗin tef kada ka matsa masa tun farko. Tsananin wanke shi yana cinye harufan «s» da «sh» da «ts» na mawaƙi, injin kuma ya rasa abin da zai gane murya da shi. Ka raba tukuna, sannan ka wanke kowane ɓangare a hankali.

A kan waƙoƙin zamani da masu biki suke kawowa, aikinka mai sauƙi ne, domin da fiyano aka kaɗa su, gangunansu da bes ɗinsu irin waɗanda injin ya sani ne. Ka zaɓi rabawa gida biyu, murya da kiɗa, idan ita ce buƙatarka, domin kowane ƙarin kwando ƙarin kuskure ne. Matsalar da za ka fi gani ita ce amsa-kuwwa: mawaƙanmu suna son a zuba musu ita da yawa, kuma injin yakan ɗauke muryar ya bar jelarta a cikin kiɗa, sai ka ji kamar fatalwar mawaƙin tana amsawa daga nesa. Haka kuma muryar da aka matsa wa Auto-Tune, manhajar daidaita murya, sosai takan yi kama da sarewar fiyano, har injin ya rikita su. Ka saurari kiɗan da abin sauraro na kunne a daidai wuraren da amshi ya fi cika, can ne fatalwar take ɓuya. Sau da yawa sabuwar muryar da za ka ɗora za ta rufe ta, idan kuma ba ta rufe ba, ka yanko wurin da kiɗan ya tafi shi kaɗai a farkon waƙar ka liƙa a gurbin, tunda kiɗan fiyano maimaita kansa yake yi.

Saura maganar haƙƙi, wadda ba ka tambaya ba amma ta shafi aljihunka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ta kuma kare sautin da aka ɗauka har shekara 50 daga fitowarsa. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069, kuma magadansa suna nan. Cire murya daga waƙa ba ya mayar da kiɗan naka. Na wanda ya kaɗa ne da wanda ya biya kuɗin situdiyo. Gyara kaset ɗin mahaifinka domin ku saurara a gida abu ne daban da ɗora sabuwar murya a kan kiɗan wani ka sa a YouTube ko ka sayar, inda za a iya sauke waƙar ko a kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. Kuma tunda yawancin masu kaɗa waɗannan waƙoƙin suna Kano ko nan Kaduna, kuma lambarsu ba ta da wuyar samu a wurin abokan sana'a, sau da yawa kiran waya ɗaya da ɗan abin goro zai kawo maka ainihin kiɗan daga kwamfutar da aka haɗa shi, tsaf ba fatalwa, tare da izinin mai shi. Kai ma daga yau, duk waƙar da ka gama a situdiyonka, kafin ka rufe aikin ka fitar da ita kashi uku a WAV, cikakkiya, da kiɗa zalla, da murya zalla, ka rubuta sunan mawaƙi da kwanan wata a jikin kowanne, ka kwafe su a wani faifan ajiya da ba ya kwana a shago.